Yadda Basine Mai Aiki a Kano Zai Gyara Turancinsa, da Abin da Ya Rataya a Wuyan Abokan Aikinsa

Duk wanda yake shiga Kantin Kwari, ko yake aiki a masana'antun Sharada da Bompai da Challawa, ya san cewa Sinawa, waɗanda jama'a suka fi kira 'yan Chaina, sun daɗe da shiga harkar kasuwanci da aikin kamfani a Kano. Wasunsu masu shigo da atamfa da shadda ne, wasu injiniyoyi ne da ke kula da injinan roba da takalma, wasu kuma sun zo ne a ƙarƙashin kamfanonin gine-gine irin su CCECC, wanda ya shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, aka kuma ba shi aikin layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da fara gininsa a 2021. Abin da yake haɗa mafi yawansu da ma'aikatanmu shi ne Turanci, harshen da babu wanda ya sha shi a nono tsakaninmu da su, kuma daga nan ne matsala take tasowa. Ana asarar kuɗi, ana lalata kaya, ana kuma ɓata zama a kan maganar da kowane ɓangare yake ganin ya faɗe ta daidai. Wannan bayani zai amfani Basinen da yake jin Hausa, amma na fi nufin tafinta da akawu da fomen da direba waɗanda suke wuni tare da shi, domin su ne za su isar masa da shawarar, kuma babban kaso na aikin ma a hannunsu yake.

Kafin a fara komai, sai a gano inda matsalar mutumin take. Tun daga 2001 hukumomin ilimi na ƙasar Sin suka tsara a fara koyar da Turanci daga aji uku na firamare, kuma harshen waje yana cikin manyan darussan jarrabawar shiga jami'a da suke kira gaokao, sannan akwai wata jarrabawar Turanci ta ƙasa da ɗaliban jami'a suke zaunawa. Saboda haka matashin injiniyan da ya sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ba jahilin Turanci ba ne. Kansa cike yake da kalmomi, yana iya karanta littafin inji, wataƙila ma ya fi wasunmu sanin nahawu a rubuce. Abin da ba a horar masa ba shi ne kunne da baki, ɗan abin da ya saurara a makaranta kuwa da karin harshen Amurka ko na Ingila aka naɗe shi, ba da irin wanda zai ji a bakin makanike a Sharada ba. Gwajin yana da sauƙi: ka faɗa masa magana, idan bai gane ba ka rubuta masa ita a takarda. Idan nan take ya gyaɗa kai ya ba ka amsa daidai, to kada a ɓata kuɗi wajen sayen littafin nahawu, domin saurare da furuci yake buƙata. Idan kuwa rubutun ma bai gane ba, kamar yadda ake samu a wajen wasu 'yan kasuwa masu shekaru da ba su yi zurfi a boko ba, sai a fara masa daga sunayen kayan sana'arsa.

Mataki na farko shi ne ya rage burinsa. Bai zo Kano domin ya zama malamin adabi ba, ya zo ne domin ya sayar da kaya ko ya tayar da inji. Ya nemi ƙaramin littafi da zai shiga aljihu, ya yi mako guda yana rubuta duk maganar da ya so ya faɗa ta gagare shi, da duk wadda aka faɗa masa ta wuce shi, ko da da harshensa zai rubuta. A ƙarshen makon zai ga cewa abubuwan ba su da yawa, kuma kullum su ne suke maimaita kansu: tambayar ko kwantena ta iso, ƙorafi a kan launin yadi, umarnin a kashe inji, neman rasit, batun wutar KEDCO da man janareto. Sai ya zauna da abokin aiki mai kyakkyawan Turanci su mayar da kowace buƙata cikakkiyar jimla, domin haddar kalmomi ɗaiɗaiku ita ce ta kai shi halin da yake ciki tun farko. Bayan nan abokin aikin ya karanta masa jimlolin a saƙon murya na WhatsApp, sannu a hankali da farko, sannan da saurin maganar yau da kullum. Basinen ya riƙa sauraro yana maimaitawa da ƙarfi a cikin mota a kan hanyar zuwa aiki, ya naɗi tasa muryar ya kwatanta. Jimla biyar da ya riƙe har suka zauna masa a baki cikin mako ɗaya sun fi amfani a kan shafi goma da ya karanta da ido.

Inda ya fi kamata a daɗe ana aiki shi ne lissafi, domin a nan kuskure yake zama asara kai tsaye. Mu da masu Turanci muna tara manyan lambobi ne dubu-dubu, daga dubu zuwa miliyan zuwa biliyan. Sinawa kuwa suna tara su ne dubu goma-goma, da wani ma'auni da suke kira wan. A wajensu dubu ɗari wan 10 ne, miliyan ɗaya wan 100 ne, miliyan ɗari kuma tana da nata sunan daban. Idan Alhaji ya ce kayan sun kama naira miliyan 3.5, sai Basinen ya juya lissafin a kansa ya koma wan 350 kafin ya san ko ciniki ya yi, kuma idan sifili ɗaya ya kuɓuce masa a wannan juyin, farashin ya ninka sau goma ko ya ragu sau goma. Shi ya sa za ka ga a shago kalkuleta tana kai da komo a kan kanta: wannan ya buga lamba ya tura, wancan ya girgiza kai ya goge ya buga tasa, ana ciniki na miliyoyi babu wanda ya buɗe baki. Ban ce a ajiye kalkuleta ba, domin tana kare dukiya. Amma ya sabar wa kansa ya fara furta lambar da baki, sannan ya buga ta domin tabbatarwa. Kowace safiya akawu ya karanta masa adadin kuɗi guda goma daga takardun jiya, shi kuma yana rubutawa da alƙaluma, washegari su yi musaya, shi ya karanta akawu ya rubuta. Minti biyar sun isa.

Akwai wasu tarkunan a gefen wannan. Turancin 13 da na 30, ko na 15 da na 50, suna kama da juna a kunnen kowa, balle a cikin ƙarar inji ko ta waya, don haka a riƙa bin su da faɗin alƙaluman ɗaya bayan ɗaya. Sinawa suna rubuta kwanan wata ne daga shekara zuwa wata zuwa rana, saboda haka idan aka rubuta 3/4 babu shekara, mu muna ganin 3 ga Afrilu, shi yana iya ganin 4 ga Maris. A rubuta sunan watan da haruffa a kowace takardar oda. Haka ma awo. Yadi ɗaya santimita 91.44 ne, wato mita 1,000 ta kai yadi kusan 1,094, kuma a kasuwannin Sin akwai ma'aunin nauyi da ake kira jin wanda rabin kilo ne. Kada a ambaci lamba ba tare da an ambaci ma'auninta ba.

Game da furuci, ba a neman ya yi magana kamar mai karanta labarai. Abu ɗaya ya fi komai muhimmanci, shi ne ƙarshen kalma. A harshen Mandarin, wato babban harshen ƙasar Sin, mafi yawan gaɓoɓi suna ƙarewa ne da wasali ko da sautin hanci, kuma baƙaƙe ba sa cunkushewa wuri ɗaya, saboda haka bakinsa yakan yar da baƙin ƙarshe ko ya ƙara masa wasali. Wannan bai kamata ya zama baƙon abu ga Bahaushe ba, tun da ta irin wannan hanya muka samo bokiti da sukudireba. Amma idan "paid" ta fito kamar "pay", akawu ba zai san ko an biya kuɗin ba ne ko umarni ake ba shi ya biya. Ya ɗauki kalmomin aikinsa masu irin wannan ƙarshe ya riƙa furta su yana jan baƙin ƙarshen da gangan har sai bakin ya saba. Mu ma muna da namu gyaran. Bahaushe yakan haɗa sautin p da na f, sai "pull" da "full" su zama abu ɗaya a bakinsa, kuma a gaban tankin mai ko injin da ke aiki bambancin waɗannan biyu ba ƙarami ba ne. Ya kamata a gaya wa baƙon wannan tun a makon farko, domin idan ya san inda harshenmu yake zamewa, kunnensa zai riƙa gyara masa da kansa.

A nahawu abu biyu kawai zan ambata. Fi'ili a harshensu ba ya canja siffa domin nuna lokaci, don haka ya riƙa fara jimla da kalmar lokaci, jiya ko yanzu ko gobe, ko da ya kuskure siffar fi'ilin za a gane shi. Sannan kalmar "shi" da ta "ita" furuci ɗaya suke da shi a Mandarin, shi ya sa za ka ji ya kira Hajiya da lamirin namiji. Ba raini ba ne, kuma maganinsa a farko shi ne ya riƙa ambaton suna ko muƙami a maimakon lamiri.

Matsalar da ta fi waɗannan duka girma ba a baki take ba. Mutumin da yake babban injiniya a ƙasarsu, wanda ake jin maganarsa, yana jin nauyi ƙwarai ya ce bai gane ba a gaban waɗanda suke ƙarƙashinsa, sai ya ce "yes, yes" ya wuce. Ma'aikacin Bahaushe kuma yana jin nauyin ya sa maigida ya maimaita magana sau uku, sai ya ce "yes sir" ya tafi ya yi abin da ya zata. Kowa ya tsare mutuncinsa, aiki kuwa ya lalace, da yamma a yi ta zargin juna da taurin kai ko ha'inci. Dokar da ya kamata kowane wurin aiki ya kafa ita ce ba a rufe magana da "yes". Wanda aka ba umarni ya maimaita shi da nasa bakin: kwali nawa, wane launi, zuwa wane sito, ƙarfe nawa. Kuma maigidan ne ya kamata ya fara yin hakan a kansa, domin idan aka ga shi yana cewa a maimaita masa, kunyar ta fita daga kan kowa. Ya haddace jimloli uku kafin komai: ta neman a sake faɗa, ta neman a rage sauri, da ta cewa bari ya faɗi abin da ya fahimta a ji ko daidai ne.

A kula da tambayar da ta zo da korewa. Idan aka ce wa Bahaushe "Ba ka aika ba?" yakan ce "E, ban aika ba," kuma Basine ma haka yake amsawa a harshensa. A Turancin littafi kuwa "no" ake cewa a wannan wuri. Tsakaninmu da shi za a iya fahimtar juna, amma ranar da yake magana da lauya ko ma'aikacin banki ko mai saye daga Turai, kalma ɗaya za ta iya juya ma'anar gaba ɗaya. Ya amsa irin wannan tambaya da cikakkiyar jimla a kowane lokaci.

Sai kuma Turancin Najeriya, wanda babu littafin da ya karanta a gida da ya koya masa. Idan ma'aikaci ya ce "I am coming" ya juya ya fita, "ina zuwa" yake nufi, amma baƙon zai tsaya yana mamakin mai cewa yana tahowa alhali tafiya yake yi. Idan aka ce masa "well done" yana tsakiyar aiki, sannu da aiki ake yi masa, ba yabon kammalawa ba. Idan ya yi tuntuɓe aka ce "sorry", jaje ne, ba amsa laifi ba, kuma wannan yana da muhimmanci ranar da inji ya lalace, kada ya ɗauka wanda ya yi masa sannu shi ne ya lalata. "Next tomorrow" jibi ne. Ya ware shafi a littafinsa domin irin waɗannan, ya kuma san cewa daidai suke a Kano amma ba a saka su a wasiƙar kamfani.

Dole in yi magana a kan yadda ake ba da umarni, domin shi ne ya fi jawo ƙiyayya. Mai ƙarancin kalmomi yakan yanke magana ta zama gunduwa-gunduwa: kai, zo, yi wannan, maza. A kunnen magidancin da ya ajiye iyali ya fito neman halali, wannan wulaƙanci ne. Akwai shugabannin da halinsu ne ba shi da kyau, kuma rashin Turanci ba uzuri ba ne gare su. Amma da yawa ba su san yadda maganarsu take sauka ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya musu. Wanda yake kusa da shi ya keɓe shi ya fahimtar da shi cewa a nan gaisuwa tana gaba da aiki, cewa "please" da "thank you" ba sa rage wa shugaba kwarjini, kuma ba a yi wa babba faɗa a gaban yaransa. Ya koyi kiran mutane da Alhaji da Hajiya da Malam da Injiniya. Wannan ba zai yi masa wuya ba, domin a ƙasarsu ma ana haɗa sunan dangi da muƙami wajen kiran mutum. Mu kuma mu tuna sunan dangi ne yake zuwa farko a wajensu, kamar yadda Xi yake a sunan Shugaba Xi Jinping.

Abin da ya fi ɓata mini rai a ɓangarenmu shi ne yadda wasu suke karya nasu Turancin da gangan idan za su yi magana da Basine, suna cewa "tomorrow come" ko "this one no good", wai domin su sauƙaƙa masa. Wanda ya yi shekaru yana jin wannan daga safe zuwa yamma, shi zai ɗauka a matsayin Turanci, kuma da wuya ya sake rabuwa da shi. A yi masa magana daidai, da gajerun jimloli, a hankali, ba tare da ɗaga murya ba, domin ba kurma ba ne. Idan ya yi kuskure a maimaita masa maganar a gyare a cikin amsa, kamar ana tabbatarwa, ba sai an tsayar da shi ba. Kwaikwayon muryarsa domin a yi dariya kuwa, ko a bayan idonsa ne, yakan koma kunnensa, kuma daga ranar zai rufe bakinsa ya koma ga tafinta.

Tafinta da manhajar fassara ta waya suna da amfani, amma a san inda za a tsaya da su. Duk abin da ya shafi kwantiragi, haraji, Hukumar Shige da Fice, kwastan, NAFDAC ko kotu, a nemi ƙwararren tafinta da lauya, ba wurin gwaji ba ne. A maganar yau da kullum kuwa, ya roƙi tafintansa ya yi shiru har sai ya gwada da kansa ya kasa. Saƙon rubutu ma ya fara rubuta shi da Turancinsa kafin ya duba abin da WeChat, manhajar hira ta Sinawa, ko wata manhaja za ta ba shi, ya ga inda suka bambanta. Bayan kowace magana mai muhimmanci, ta waya ce ko ta taro, ya tura gajeren saƙo mai ɗauke da abin da aka amince, da adadi, da rana. Tun da rubutu ne ƙarfinsa, da shi zai toshe gurbin da baki ya bari. Idan taro zai shiga, ya nemi jerin batutuwan tun ana gobe taron, ya shirya jimla biyu ko uku, ya kuma yi ƙoƙarin faɗin su da wuri, domin wanda ya yi shiru a farkon taro da wuya ya buɗe baki a ƙarshensa.

Yawancin Sinawan da ke masana'antu suna kwana ne a cikin harabar kamfani ko a gida ɗaya da 'yan'uwansu, suna cin abincinsu, suna kallon shirye-shiryensu. Agogon Sin yana gaban namu da awa 7, don haka safiyarsu a nan Kano takan tafi a waya da hedikwata ko da iyali. Mutum yana iya shekara a Kano bai yi Turancin awa guda a jere ba. Sai ya ƙirƙiro wa kansa lokacin. Ya riƙa kallon labaran ƙarfe 9 na dare na NTA ko labaran gidan talabijin na Channels domin kunnensa ya saba da muryoyin 'yan Najeriya daga sassa daban-daban, ya karanta labarin kasuwanci ɗaya a jaridar Daily Trust da ƙarfi kowace rana, ya kuma zauna cin abincin rana da ma'aikata ko da sau biyu ne a mako. Idan zai ɗauki malami, a cikin waɗanda suka karanta Turanci a Jami'ar Bayero ba za a rasa mai iyawa ba, amma a sharɗanta masa cewa darasin zai fito ne daga littafin aljihun nan da takardun aikin kamfani, kuma ɗalibin ne zai fi malamin yawan magana. Kamfanin da ya kawo baƙo a kan gurbin da gwamnati take bayarwa domin ƙwararru daga ƙasashen waje dama ana buƙatarsa ya haɗa shi da 'yan ƙasa da za su koyi aikin a hannunsa, to waɗannan su ne abokan hirarsa na farko, domin bayanin yadda inji yake aiki ga mai koyo shi ne darasin magana mafi inganci da zai samu.

Kada kuma ya ɗauka Turanci kaɗai zai wadatar da shi a Kano. 'Yan dako da masu gadi da yawancin masu sayen sari a Kwari da Hausa suke harkarsu. Sinawa ba baƙin Hausa ba ne, tun da gidan rediyon ƙasarsu ya fara watsa shirye-shirye da ita a 1963, ana kuma koyar da ita a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing. Ya fara da gaisuwar safe da ta yamma, da ƙidaya, da sunayen kayan da yake sayarwa, ya kuma san lokutan sallah da na Juma'a domin kada ya sa taro a kansu. Bayan wata uku ya sake naɗar muryarsa yana karanta jimlolin makon farko, ya ba wani ma'aikacin da bai saba da maganarsa ba ya saurara ya rubuta abin da ya ji. Duk jimlar da mai sauraron ya kasa rubutawa daidai, ita ce za a mayar cikin aikin wata mai zuwa.